Rasuwar Marlene, Jar Motar Gidan Pappas

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni Lindsay Pappas na garin Port Pirie nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motata Marlene, ja mai silinda takwas, wadda ta cika ranar Lahadi da hantsi a gaban gidan burodi, jama'a suna kallo.

Marigayiya ta taso a gidan 'yan ja, wato masoya jar mota, mu da ba ma shiga shuɗiyar mota ko da motar asibiti ce. Mahaifina bai shiga ba har ya koma ga Mahaliccinsa, ni ma na rantse a kan haka. Mai murya ce. In ta yi gyaran murya da safe, gudu-gudu-gudu, karnukan layinmu kan amsa mata, maƙwabta kuma su ambaci sunana. A miƙaƙƙen titi ba ta da sa'a. A shataletale kam, gaskiya bayanta kan riga gabanta yanke shawara, sitiyarinta kuma sai ka ci ka ƙoshi kafin ka murɗa shi. Ba ta taɓa shiga wurin ajiye motoci na kanti a karo ɗaya ba, amma babba ai ba ya gaggawa.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne daga auren 'yata Raelene, wadda duk samarin garin nan ta rasa wanda za ta so sai ɗan Clarrie Vukovic, shugaban 'yan shuɗi, mutumin da muka tsufa muna musun wace mota ta fi iya titin gari. Uban amarya shi ke zama gefenta a motar da za ta kai ta coci. Na ce Marlene ce za ta ɗaura farin ƙyallen motar amarya, Clarrie ya ce tasa. Matata Noelene ta gaji, ta gasa pavlova biyu, kek ɗin nan na farin ƙwai da ko tari ka yi kusa da shi sai ya rushe. Ta ɗora wa kowace mota ɗaya a kujerar baya, ta ce: "Ku tafi coci ta cikin gari. Wanda nasa ya isa lafiya, shi zai ɗauki amarya. Ku tsofaffin banza, kun ishe ni."

Domin marigayiya ta riƙe kwana da kyau, dama na riga na sa an yanke mata sifirin, ta kwanta ƙasa kamar kaza a kan ƙwai. Ta yi kyau, wallahi ta yi kyau. Ta wuce shataletale biyu cikin natsuwar da ban taɓa sanin tana da ita ba. Sai muka iso tudun rage gudu na gaban firamare. Na ji ƙwas daga ƙarƙashinta, tukunyar baƙin mai ta fashe. Clarrie yana bayana yana ta danna oda yana nuna titi. Na ɗauka baƙin ciki ne ke cinsa, na ɗaga masa hannu, na ƙara wuta. Ta ce kaf-kaf-kaf, ta ja dogon numfashi, inji ya buga. Pavlova kuwa ko tsagewa bai yi ba, ina so a rubuta wannan a tarihi.

Clarrie ya tsaya, ya cire hula, ya ce: "Sannu, surukina. Tun daga makaranta take zubar da jini, ina ta kiranka. Taso in rage maka hanya." Na gode masa, na tafi gida a ƙasa da kek a hannu.

Ta rasu ta bar ni, da tayoyi sababbi, da tabon mai a gareji, da bakanikenta Merv wanda ya yi kuka fiye da kowa, da Noelene wadda ta karɓi wannan rashi da haƙuri mai ban tsoro.

Na so in bi amarya a keke. Raelene ta same ni a gareji ina zaune inda marigayiya ke kwana, ta ce: "Baba, ni ba ruwana da launin mota. In ba ka gefena, ba inda za ni." Nan take na jingine batun keke.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe. Janwe zai ɗauki gawa daga gidan Merv zuwa filin 'yan gwangwan da ke bayan gari. 'Yan ja su zo da jajayen riguna, a ƙona taya sau ɗaya don girmamawa, a watse kafin 'yan sanda su zo gaisuwa. Akwai gasasshen nama da burodi.

Daga nan, da azahar, za a ga shuɗiyar mota da farin ƙyalle ta nufi coci, da wani dattijo a kujerar baya riƙe da hannun 'yarsa. Ni ne. Iyalan marigayiya suna roƙon kada kowa ya ɗauki hoto ta wannan gefen, kada kuma a tambaye ni yadda shuɗiyar ta haye tudun firamare.