Layin da na goge, albasar Kawu

Har in mutu ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe rudun Kawu Sani a Andarai ba.

Lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa ba, ni kuma na dawo Aliero da takardar ilimin kwamfuta, kaina ya fi buhu girma. Na haɗa wata 'yar na'ura da za a cusa cikin rudu, rumfar ciyawar da ake ajiye albasa. In zafi ya yi yawa a ciki, ta turo tes a zo a juya.

Matsalar ɗaya ce: ƙwaƙwalwarta ƙarama ce, laburaren da na ɗauko, wato shirin da wasu suka rubuta don tura saƙo, ya ƙi shiga. Dole a rage wani abu wajen haɗawa. Na ga sashen da ke sake tura saƙo in na farko bai tafi ba, an rubuta ba dole ba ne. Na goge layinsa daga cikin shirin. Na gwada sau goma a ɗakina, sau goma tes ya shigo (ɗakin da ke kallon ƙarfen sabis, don Allah ku ji wauta).

Da na kai na'urar rudun Kawu, ya ce, "Ɗan nan, mu da hannu muka jin zahin albasa." Na ce ya huta, in bai ji waya ba albasa na lafiya. Ya yarda da ni. Wannan ne ke ci mini rai har yau.

A Andarai sai ka hau tudu kake samun sabis. Da zafi ya tashi, na'urata ta tura saƙo sau ɗaya, bai tafi ba, ta yi shiru.

Ranar da 'yan sari suka zo daga Jega, ni na gayyato manoma su ga ci gaba, har da babbar riga na sa. Aka ɗaga ciyawa. Wari ya riga kowa magana. Noman shekara guda ya zama ruwa, fitilar na'urar tana ta ƙyaftawa a tsakiya.

Kawu bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce, "Mi kac cire mata?" Na ce wani abu ne da ba dole ba.

Ya dubi albasarsa. "Ga wa?"

Yanzu kafin in goge layi, sai na je inda na'urar za ta zauna. Kawu kuwa ya koma cusa hannu cikin rudu.