Tarin Dokin Alhaji Tanimu

A unguwarmu akwai wani ɗan kasuwar hatsi, Alhaji Tanimu, irin mutanen nan da in ka roƙe su ashana sai sun tambaye ka me za ka kunna. A abu ɗaya kawai hannunsa yake sakewa, shi ne doki. Bara ya je kasuwar Maigatari da niyyar sayen riɗi, sai ga shi ya dawo da wani baƙin ingarma, wai zai riƙa sa shi a sukuwa. Ya raɗa masa suna Ɗan Lele, sunan kuwa ya bi shi.

Ya gina masa barga a bayan ɗakin girki, bango ɗaya ne tsakaninsu. Da yake Alhaji yana tsoron bakin mutane fiye da yadda yake tsoron ɓarawo, sai ya hana magini barin ko taga ɗaya. Ƙofa ta ƙarfe, kullum a garƙame. Harawa kuwa ya jibge ta nan ciki har ta kusa taɓa rufi, kada akuyoyin maƙwabta su hango. Da yamma kuma a shiga da kasko a turara wa dokin hayaƙin tsari.

Shi ɗakin girkin 'yar kafa ɗaya gare shi can sama, wadda ko kan mage ba zai shige ba, kuma tun da aka yi ginin nan cikin bargar take buɗewa. A nan matarsa, Hajiya Tasalla, take hura itace safe da yamma. Tun tana goyon ɗanta na fari take roƙon a fasa mata taga, Alhaji yana cewa a bari sai bayan kaka. Yaron nan yanzu har ya tara gemu, kakar ba ta zo ba. Tari ya zame mata jiki, har mu maƙwabta da shi muke gane an ɗora tukunya a gidan. Abin yana ba ni haushi matuƙa, amma gidan wani ne.

Ana nan sai wata safiya Ɗan Lele ya yi tari. Sau ɗaya fa! Alhaji yana tsakiyar shan koko ya yar da ludayi ya ruga barga ba takalmi. Kafin mako ya zagayo doki ya soma majina, numfashi sama-sama, ciki yana ɗagawa yana sauka kamar zugazugi. Alhaji ya daina cin abinci, ya daina fita kasuwa. Ya ce ai dama ya sani, baki ne ya kama masa doki, sai ya sa aka ninka hayaƙin tsarin. Da ya ga abin yana neman ya fi ƙarfinsa, ya rufe ido ya aika aka ɗauko likitan dabbobi daga birni, a mota, shata guda.

Likita ya sa ƙafa a barga ke nan sai atishawa ta sarƙe shi. Ya fito yana share hawaye.

Ya ce, "Alhaji, wa ya gina wannan wuri?"

Alhaji ya gyara babbar riga ya ce, "Ni na tsara shi da kaina. Ko ƙuda ba ya shiga."

"Haka ne, iska ma ba ta shiga. Dokinka ba baki ne ya kama shi ba. Ƙurar harawa yake shaƙa, ga zarnin fitsari, ga hayaƙi. Allura zan yi masa, amma ba ita ce maganin ba. A kwashe harawar nan a kai ta waje, wadda zai ci a yayyafa mata ruwa tukuna. A share ƙarƙashinsa kullum. A fasa tagogi gaba da baya, a riƙa fitar da shi yana shan iska. Kaskon nan kuma kada ya sake shigowa."

Alhaji ya ce, "Likita, tagogi? Mutane fa za su riƙa leƙo shi."

"To, zaɓi ya rage naka. Ko su leƙo shi a tsaye, ko su zo kallonsa ran da za a ja shi a amalanke."

Ai kafin likita ya gama haɗa allura, magini ya iso da guduma. Mutumin da sai bayan kaka yake fasa taga, ran nan tagogi uku ya sa aka fasa, manya-manya, har yana yi wa magini tsawa wai ya ƙara faɗi. Yana cikin zagaye sai ya ɗaga kai ya ga hayaƙi yana tuttuɗowa ta 'yar kafar nan ta ɗakin girki.

Ya ce, "Au! Ashe ga inda ake kashe mini doki. Toshe ta yanzun nan!"

Magini ya cika ta da siminti ya shafe.

Ba a jima ba sai ga Hajiya Tasalla ta faɗo tsakar gida, hayaƙi yana biye da ita, idanu jawur, muciya a hannu. Ta dafa bango tana tari, tari irin wanda sai da maginin ma ya ajiye guduma ya ce mata sannu.

Alhaji ya ɗaga mata hannu ya ce, "Ke, tsaya daga can! Kada ki shafa masa, bai gama warkewa ba."

Likita ya dubi Alhaji, ya dubi matar. Ya ce, "Ba ta shafa masa, Alhaji. Amma wannan tarin na Hajiya ya fi na dokin muni nesa ba kusa ba. Ni ba likitan mutane ba ne, sai dai ko kurma ya san ya daɗe a ƙirjinta. Ya kamata a kai ta asibiti, a kuma fitar da ita daga cikin hayaƙin nan."

Alhaji ya waiwaya ya ƙura mata ido kamar yau ya fara ganinta. Kunya ta ɗan kama shi a gaban baƙo, sai ya ɗaure fuska.

Ya ce, "Tari kike yi dama? To, ke ma da zurfin ciki! Me ya hana ki faɗa mini tuntuni?"

Hajiya Tasalla ta jira tarin ya lafa, ta share ido da gefen mayafi.

Ta ce, "Na faɗa, Alhaji, shekara da shekaru. Haniniya ce dai ban iya ba."