Ranar da na harbi hadari da gishirin Inna

Jama'a, an yi ruwa, geron Kaka ya tsiro, ni kuma na samu sabon suna: Malam Gishiri! Wallahi har in tsufa ba zan taɓa mantawa ba.

Ga yadda aka yi. Damina ta yi jinkiri, Kaka kuma ta riga ta yi binne, wato ta zuba irinta cikin busasshiyar ƙasa tana jiran ruwa. Shi ke nan irin da ya rage mata. In ruwa ya ƙara daɗewa, ƙwari su cinye, bana babu komi.

Ana haka sai mushenmu, wato malaminmu na siyans a lise (sakandare), ya ba mu labarin yadda jirgi ke shiga cikin hadari ya watsa gishiri, ɗigon ruwa su taru su yi nauyi su zubo. Ni dai "gishiri" kawai na riƙe. (Zancen jirgi ya wuce ni, ina latsa waya ƙarƙashin tabur.)

Ranar da gari ya fita roƙon ruwa, na ga ɗan gajimare ya leƙo ta wajen tafki. Na ce yau ne! Na juye gishirin Inna cikin aljihu, na ɗau danƙon harbin tsuntsu, na haye soro. Harbi na farko, iska ta maido min gishirin duka cikin ido. Wayyo! Na saki danƙon, na ɗaga hannu sama, hawaye shaaa.

Daidai lokacin masu roƙon ruwa suka biyo ta ƙofar gidanmu. Liman ya tsaya cak.

"Ku dubi yaron ga! Mu manya ko ɗigon hawaye ba mu yi ba, shi ga shi yana kuka ga Ubangiji."

Aka sauko da ni, tsofaffi na shafa min kai, ana "Allah shi yi albarka." Ni kuwa na ƙara langaɓe wuya. (E, na sani. Ku bar ni.)

Sai akuyar Kaka ta kutso cikin mutane ta tura baki aljihuna. Ta ja, aljihu ya yage, gishiri ya zube bisa takalmin liman. Daga cikin gida kuma muryar Inna: "Wane ɗan banza ya kwashe min gishiri ga miya bisa wuta?"

Dole na yi bayani, gaban kowa. Kaka ta yi dariya har ta zauna ƙasa.

"Maigidana, kai da ko kurciya ba ka taɓa samu ba, hadari za ka harbo min?"

Daren nan lami muka ci tuwo. Amma ranar da ruwa ya sauka, Kaka ta aiko min da fura, wai ladan ma'aikaci.

Darasi: in mushe na magana a aje waya, in za a yi harbi a duba iska. Ku tura wa 'yan aji, kafin akuya ta riga ni ba da labari.