Lamba Huɗu Guda Uku

Akwai wata Asabar a filin ƙwallon unguwarmu a Bosso da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da na so, domin har yau ana tuna mini.

Walda ce sana'ata, amma da ƙuruciya na buga baya, kuma shekara da shekaru ni ake kira idan za a zaɓi 'yan baya a ƙungiyar matasan unguwa. Ba gudu nake dubawa ba. Ina duba yadda yaro yake ja da baya idan ɗan gaba ya taso masa, ko yana da haƙuri ko mai saurin zura ƙafa ne. Cikin waɗanda na zaɓa a shekarun baya akwai wanda ya yi nisa, akwai kuma wanda na rantse zai fi kowa, yau yana tuƙa Keke Napep a ƙofar jami'a (kyauta yake ɗaukata, don haka ban yi asara duka ba).

To, bara na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata da komai. Bayan wata takwas na fara rubuta jimla da hannuna. A lokacin ne 'yata Hauwa ta nuna mini bidiyo a wayarta, wai wasan hoki na Turawa a kan ƙanƙara. Ban gane komai ba. Mutane na ta sulu da sanduna, abin da suke bugawa ma ban gan shi ba. Sai ta nuna mini wasu dattawa a saman 'yan kallo.

"Baba, ga irinku nan," ta ce. "Masu zaɓen yara ne. Kowa da littafinsa, yana rubuta lambar yaro da abin da ya yi."

Shi ke nan, abin ya shiga raina. Na sayi littafi da biro biyu.

Ranar Asabar ɗin, koci Danladi ya ce ɗan baya ɗaya tak ake so, wanda zai bi motar ƙungiya zuwa gwaji a Kaduna. Yara sun kusa talatin, wasu tun daga Garatu suka taho. Ya ga littafina ya yi murmushi.

"Oga Sule, yau ka zama ɗan jarida?"

"Aiki ne na zamani, koci," na ce. "Kai dai hura usur."

Aka fara. Ba a jima ba na ga mai lamba huɗu ya tare ɗan gaba cikin natsuwa, bai zura ƙafa ba sai da lokaci ya yi. Na duƙa na rubuta: Lamba huɗu dogo ne, yana da haƙuri. (Ku sani jimla irin wannan tana ci mini minti uku, har da fito da harshe.) Da na ɗago, na ga lamba huɗu ya dunƙule, ya yi gajarta, yana shurin mutane kamar jaki. Na duƙa na rubuta: Lamba huɗu gajere ne, ba shi da haƙuri. Na karanta jimlolin biyu, na rasa wacce ta yi ƙarya. Na ce ko hannuna ne bai ƙware ba. Na sake ɗagowa, sai ga lamba huɗu ya koma bahago, yana can gaba yana neman cin ƙwallo.

Na goge ido. Na duba littafi, na duba fili, na sake duba littafi. Daga ƙarshe na yanke cewa yaron nan mai baiwa ne, komai ya iya.

Aka tashi, yara suka zauna a ƙasa, iyaye suka matso. Na miƙe, na buɗe littafina a gaban jama'a, na gyara murya.

"Lamba huɗu."

Yara uku suka tashi tsaye.

Danladi ya sosa ƙeya. "Oga Sule, wanne daga ciki?"

A nan ne na tuna abin da na sani tun kafin a haifi yaran nan. Riguna goma sha ɗaya gare mu. Wanda aka canza yakan cire tasa, da guminta, ya jefa wa mai shiga. Ni kaina haka na yi wasa. Turawan Hauwa kowa da rigarsa, mu kuwa lamba ta riga ce, ba ta yaro ba. Duk canjin da aka yi, kaina yana cikin littafi.

"Dogon," na ce a hankali.

"Biyu dogaye ne, Oga."

Na kalle su. Wallahi ban san fuskar ko ɗaya ba. Wata mata daga baya ta ce, "Ku ba shi lokaci, yana karatu ne." Filin ya ɗauki dariya. Su yaran uku ba su yi ba, ni suke kallo, domin kujerar mota ɗaya ce.

Danladi ya karɓi littafin, ya sa a aljihunsa. "A sake wasa minti goma, ba riga. Ka duba kamar da."

Ko minti uku ba a yi ba na gan shi. Ɗan gaba ya taso, yaron ya ja da baya, ya jira, ya jira, sannan ya ɗauke ƙwallon kamar an miƙa masa. Na nuna shi da hannu. Bitrus ne sunansa, daga Garatu, daga gona ya zo filin. Shi ya tafi Kaduna.

Danladi ya mayar mini da littafin, ranar Litinin na kai wa malamar ajinmu. Ta karanta ta ce ko harafi ɗaya ban ɓata ba, ta ba ni maki cikakke. Yanzu idan na je fili, biro yana aljihu sai an hura usur na ƙarshe. Sannan in kira yaro, in dubi fuskarsa da kyau, in ce ya faɗi sunansa a hankali.