Kofur Ta Rasu a Ƙofar Gidan Mai Walda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yanzu baƙin mai bai gama fita daga faratansu ba, iyalan Babban Bakanike suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk masu sha'awar tara tsofaffin motocin soja, rasuwar abar ƙaunarsu, tsohuwar jif ɗin nan mai launin ganye wadda kowa ya sani da suna Kofur. Ta rasu da hantsin Asabar, a kan hanya, bayan doguwar jinya da mai ita ya ƙi yarda cewa jinya ce. Ba a san takamaiman shekarunta ba, amma ana kyautata zaton sa'ar mai ita ce, ko ma ta ɗan girme shi.

Marigayiya ta yi ƙuruciyarta a aikin soja. Ta ɗauki sojoji da kayansu, ta keta laka da rairayi, ta hau duwatsun da ko jaki sai ya tsaya ya yi shawara. A ƙofarta ta hagu akwai wani lotso da mai ita yake cewa sawun harsashi ne, matarsa kuma tana cewa ginshiƙin ƙofar gida ne, domin a gabanta aka yi. Da ta tsufa, aka sallame ta ba ko na gode, aka yasar da ita a bayan bariki. Rana ta gasa ta, ruwa ya dake ta, kaji suka mai da kujerarta akurki.

A wurin gwanjon tsofaffin kayan soja Babban Bakanike ya fara ganinta, kuma ba shi kaɗai ya je ba. Tare suke da ƙanensa, Mai Walda, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinsu direban soja ne, kuma sun tashi ne a ƙarƙashin hotonsa da ke rataye a falo, yana jingine da irin wannan jif ɗin, hularsa a karkace. Tun suna yara suka yi wa juna alkawarin wata rana za su mallaki irinta. Duk wanda ya san harkar raya tsofaffin motoci ya san ƙa'idarta: ba a sayen ɗaya. Biyu ake saye, a sadaukar da ɗaya domin ɗaya ta rayu. Haka suka yi, suka sayi biyu, iri ɗaya, launi ɗaya, kamar an tsaga kara.

Kofur injinta garau yake, ana zuba mai aka sa batir ta amsa. Amma ƙashin bayanta, wato dogon ƙarfen nan da dukan mota ke zaune a kansa, tsatsa ta riga ta fara cin sa ta ciki. 'Yar'uwarta kuwa ƙashin bayanta kamar jiya aka ƙera shi, sai dai injinta ya daskare, ya tsage, ba shi da sauran amfani. Ko yaron goye ya san abin yi: a ciro injin wannan a ɗora wa waccan, a sami mota guda lafiyayya. Ga bakanike, ga mai walda, ga fili. Babu abin da ya rage sai ɗaura sarƙa.

Sai maganar lamba ta taso. Kowace jif ta zo da ɗan farantin tagulla mai ɗauke da lambarta ta soja, kuma lambar nan ce ake rubutawa da farin fenti a gefen bonet. To, motar da za a haɗa, lambar wa za ta ɗauka? Babban Bakanike ya ce mota injinta ce, duk inda inji ya je can motar take, saboda haka Kofur ce za ta rayu, waccan jiki kawai ta ara mata. Mai Walda ya ce ina! Mota ƙashin bayanta ce, inji baƙo ne, yau a cire shi gobe a sa wani. Ga wanda ba ya cikin harkar, wannan ba cinya ba ce ƙafar baya. Su kuwa kowanne sana'arsa yake karewa. An fara da dariya a kan kofin shayi, aka koma ɗaga murya, aka tono abin da ya faru tun suna makarantar firamare. Washegari Mai Walda ya zo da janwe ya ja tasa ya tafi. Yayan ya raka ta da suna Kurtu, wai don ba ta taɓa yin fareti ba. Daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba. A taron dangi ɗaya gabas yake zama ɗaya yamma, matansu suna gaisawa a ɓoye kamar masu laifi.

Babban Bakanike ya juye dukan ƙaunarsa a kan Kofur. Ya bi gari-gari yana neman kayanta na asali, domin a wurinsa ƙusar da ba ta zamaninta ba cin mutunci ce. Ya samo mata shebur da gatari irin waɗanda ake ɗaura wa a gefe, da jarkar ƙarfe mai tambarin soja, da hular kwano da ke zama a kujerar baya ba mai taɓa ta. Mai fenti ya sha wahala, don an sha dawo masa da haɗinsa wai koren ya cika fara'a, ba ya kama da na soja. Matar gidan ta sha samun kafireton injin a jiƙe cikin kwanon da take wanke kofuna, ta yi faɗa har ta gaji ta sallama kwanon.

Marigayiya mai zumunci ce, kuma ba ta da ƙyashi. Duk damina, motar maƙwabcin da ta kafe a laka, ita ake kira. Ranar da ruwa ya cinye hanyar asibiti, ita ta ɗauki matar tela mai naƙuda ta ratsa da ita, ruwa har bakin fitilunta. Da safe takan gaida unguwa da muryarta da kowa ya haddace: "Gir-gir-gir... gir-gir... dummm!" Daga nan sai ta zauna a kan "dug-dug-dug" ɗinta mai kwantar da rai, wanda jikokin gidan suka saba yin barci da shi. Ba a ce ba ta da aibu ba. Tana shan mai kamar an aiko ta, kujerunta sun fi bencin kotu tauri, tamfol ɗinta kuma yana yoyo, amma a kan fasinja kaɗai. Duk an yafe mata.

Akwai wata ɗabi'arta da iyali suka daɗe suna gani suna kawar da kai, yau kuma da ta tafi babu amfanin ɓoyewa. Kowace Asabar mai ita yakan ce zai fita gwada birki. Garin nan cike yake da hanyoyi, amma birkin Kofur ba ya gwaduwa sai a layin gidan Mai Walda, layin da ya fi kowanne ramuka, mai wata kwata a daidai ƙofar gidan. Da sun iso ƙofar nan sai ta yi tari: "Tuf! Tuf!" Ba ta taɓa yin wannan tarin a wani wuri ba. Waɗanda suka taɓa zama a gefen direba sun shaida cewa hannunsa yakan kai kan madannin cok, mai shaƙe injin, daf da lokacin, amma ba wanda ya taɓa tanka masa. A cikin gida kuwa sai ƙarar walda ta ɗauke ɗif, har sai jif ta sha kwana, sannan ta ci gaba. Ta tsagar ƙofa akan hango Kurtu a kan tubala, an goge ta fes, an fente ta, bonet a rufe a kan wurin da babu komai. Shekara da shekaru, gaisuwar da ke tsakanin wa da ƙane ke nan.

Ciwon ajalinta shi ne wanda ta zo da shi tun ranar gwanjo. Da fari jan gari ne yake zuba a daɓen gareji, mai ita ya riƙa sharewa da sassafe kafin matarsa ta gani. Sannan ƙofofi suka daina rufuwa sai an ɗaga su. Sannan ta fara tafiya a karkace, tana wani kuka daga ƙasa, "ƙiii... ƙiii...", duk lokacin da ta taka rami. An kai ta wurin masu walda daban-daban. Kowanne ya shiga ƙarƙashinta ya fito yana girgiza kai, ya ce ƙarfen ya zama kamar busasshen ganye, in akwai mai iya ceto ta a garin nan mutum ɗaya ne, kuma ai ɗan gida ne. Babban Bakanike yakan ce su ba su san aiki ba. Matarsa ta tuna masa cewa ƙarfe ɗaya ba ya amo. Ya ce ita me ta sani, matsalar kafireto ce.

Ranar Asabar ɗin ya fita gwada birki kamar kullum. Sun iso ƙofar, ta yi tarinta, "Tuf! Tuf!", tayoyin gaba suka tsallake kwata. Na baya ba su tsallake ba. Abin da aka ji shi ne "Ƙarrr... ƙwas!" Bayanta ya karye a tsakiya, cikinta ya zauna a ƙasa, shebur da gatari suka zube a titi, hular kwano ta gangara cikin kwata. Injin kuwa bai san abin da ya faru ba. Yana ta "dug-dug-dug" abinsa, mai ita na riƙe da sitiyari da hannu biyu, ya kasa kashewa, ya kasa sauka.

Sai ƙofar gidan ta buɗe. Mai Walda ya fito, gilashin walda a ɗage a goshinsa. Babban Bakanike ya daɗe bai ga ƙanensa a kusa haka ba, kuma ba wanda ya gaya masa cewa kan yaron da ya goya zuwa makaranta ya yi fari fat. Wannan ya fi karyewar motar yi masa ciwo. Mai Walda ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya daɗe. Yayan ya shirya jin an ce ai dama an faɗa masa, har ya tanadi amsa tun shekaru. Ba a faɗa ba. Ƙanen ya miƙe, ya ɗora tafinsa a kan bonet yana jin bugun injin, idonsa ya kawo ruwa. Ya shiga gida ya fito da sarƙarsa, ya ɗaure karayar da kansa yadda za a iya jan gawar ba ta rabe biyu ba. Ya tsamo hular kwano daga kwata, ya goge ta da rigarsa, ya ajiye a kujerar baya. Ya koma ciki. A lokacin ne Babban Bakanike ya murɗa makulli, layin ya yi tsit.

Marigayiya ta bar mai ita, wanda tun ranar abinci ba ya wuce masa sai da lallashi. Ta bar matar gida, wadda ta yi shekaru tana addu'ar a rabu da ita, yanzu kuma an kama ta tana kuka a bakin gareji. Ta bar jikoki, da 'yar tela da aka kusa haifa a kujerarta, da kwano guda da ba zai sake komawa kicin ba. Ta kuma bar 'yar'uwa ɗaya tilo, Kurtu, wadda tun ranar gwanjo ba ta taka titi ba.

Wasu abokan harka sun zo gaisuwa sun ce ai wannan ba mutuwa ba ce, tunda injin yana tashi a murɗa ɗaya. Suka tuna wa mai ita maganarsa ta kullum, cewa mota injinta ce, saboda haka Kofur tana raye, jiki kawai take nema. Iyali suka tambaye shi ko a rubuta cewa tana jinya. Ya zauna a kan jarka ya daɗe yana kallon sarƙar nan da ke ɗaure da bayanta. Sannan ya ce a rubuta ta rasu, a kuma rubuta da manyan baƙaƙe, yadda wanda idonsa ya sha wutar walda zai iya karantawa. Wanda ya san abin da ya raba gidajen nan biyu ya san abin da wannan kalma ta ci masa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a garejin gidan. Ana roƙon masu zuwa kowa ya riƙo sifanarsa. Masu sayen tsohon ƙarfe su yi haƙuri, ba a gayyace su ba, kuma duk wanda ya zo da sikeli za a raka shi waje. Mai ita da hannunsa zai kwance farantin lambarta, a rataye shi a ƙarƙashin hoton mahaifinsu. Fitilu da tayoyi da tamfol za a raba wa motocin abokai masu buƙata, kamar yadda ita ma ta rayu da kayan waɗanda suka riga ta.

Injin ne kaɗai ba za a raba ba. An wanke shi, an canza masa mai, ba shi da lamba, ba shi da suna, duk jikin da ya shiga sunan wannan jikin zai amsa. Ciro shi aikin mutum biyu ne, ɗaya na jan sarƙa ɗaya na tallafe da shi. Sarƙar tana nan, Mai Walda bai aiko a karɓa ba, kuma an bar ƙofar gareji a buɗe.

In bai zo ba, Babban Bakanike ya ce zai nemi maƙwabta su ɗora masa injin a amalanke, ya tura shi da kansa har layin nan mai ramuka. Kofur ba ta nan balle ta yi masa tari a ƙofa. Wannan karon da bakinsa zai yi sallama.