Ranar da Na Shanye Takardar Malama Rabi

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da zuwana ofishin ba da shawara ba, lokacin ina kwalejin horar da malamai, can ƙarshen shekarun tamanin.

Matsalata ɗaya ce, baki. A gidanmu cikin birnin Zariya yaro ba ya magana gaban manya, ni kuwa sai na zarce, har gaban yara ma ba na iyawa. Da aka tura ni gwajin koyarwa wata firamare wajen Ƙofar Doka, na tsaya gaban 'yan aji huɗu, na ce "Yara..." shi ke nan, murya ta ɗauke. Malamin da ke duba mu ya ce saura dama ɗaya, in na sake haka sai dai in maimaita shekara. Ya ce in je in ga Malama Rabi, mai ba ɗalibai shawara.

Ni a sanina, wanda ba shi da kwarjini wajen malami yake zuwa a yi masa rubutu ya sha. Don haka na sayi goro, na wanke kwalba na cusa a aljihu. Na tuɓe takalmi a bakin ofis, na wuce kujera na gurfana a ƙasa (ofis mai fanka da kabad, jama'a, ga ni a kan siminti).

"Malam, hau kujera mana."

"Nan ma ya isa, Malama."

Sai ta hau yi mini tambayoyi. Me nake ji a raina in na tsaya gaban mutane? Me na iya? Kaina ya ɗaure tamau, don ban taɓa ganin inda aka je neman taimako aka koma amsa tambayoyi ba. Na ce ban iya komai ba. Ba ta yarda ba, ta yi ta lallaɓa ni har na ce rubutuna yana da kyau, kuma in na koya wa ƙannena lissafi suna ganewa. Ta rubuta waɗannan a takarda da biro, ta miƙo mini tana bayani. Wallahi ko kalma ɗaya ban ji ba. Kaina na sunkuye, kunnuwana na kuka, "to, to" kawai nake cewa. Na ajiye goron na fita da baya-baya, ina mamakin yadda ba ta nemi kwalbar ba.

A gida na nuna wa kakata, Iya. Ta juya takardar sama da ƙasa ta ce, "Da boko aka rubuta, amma taimako taimako ne. Kawo nan, sakarai." Ta jiƙa ta a kwano. Biron ya ƙi fita, sai ta mutsuttsuka har takardar ta koma kamar kunu. Safiya uku ina sha.

Mako na gaba na koma, na tarar da ɗalibai goma, maza da mata, zaune a da'ira. Malama ta ce kowa ya fito da takardarsa ya karanta, kamar yadda ta ce a riƙa yi kullum da safe. Aka zo kaina.

"Ina taka, Malam?"

"Na shanye."

"Ka me?"

"Na shanye, Malama. Sai dai biron bai fita sosai ba."

Wata ɗaliba har da faɗowa daga kujera. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma dariyar ta yi mini zafi, ban san sa'ad da na miƙe ba. Na shiga bayanin yadda ake rubutu a allo, yadda ake wankewa, me ya sa tawadar malamai ke fita ta biro ba ta fita, da cewa ai laifin Iya ne. Da na yi shiru sai Malama ta dubi agogonta, tana danne tata dariyar.

"Minti bakwai kana tsaye gaban mutum goma sha ɗaya. Ina muryar da aka ce tana ɗaukewa?"

Ni ma ban san inda ta shiga ba.

Na ci gaba da zuwa (a kan kujera yanzu). Ta koya mini ɗaga kai, da jan numfashi kafin in fara, da daina zagin kaina a zuci. Ranar gwaji na biyu na kai ƙarshen darasin, na ci. Iya kuwa har ta bar duniya tana cewa jiƙonta ne ya yi aiki.

Abin da na koya shi ne, in ana yi maka bayani ka ɗaga kai ka saurara, in ba ka gane ba ka tambaya. Har na yi ritaya, duk ɗalibin da na miƙa wa takarda sai na ce masa, "Karantawa ake yi." Ba wanda ya taɓa gane dalili.