Rasuwar Goggo Mai Shara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kofin shayi a hannu wanda ban samu damar shanyewa ba, nake sanar da abokan aiki rasuwar Goggo Mai Shara, 'yar manhajar da na rubuta da hannuna don ta riƙa share rumbun bayananmu bayan kowane gwaji, kafin na gaba ya shigo.

Marigayiya ba ta san ha'inci ba. Ko layi ɗaya gwaji ya rubuta, sai ta rushe rumbun kaf, ta sake gina shi tun daga tushe. Da ta fara, fankar kwamfuta ta ɗauki fuuuu, kowa ya san an samu sarari. Albarkacinta aka sha shayi, aka yanke farce, aka yi gulmar manaja. Ni kuwa nakan sauka ƙasa wurin mai karɓar baƙi da sunan jiran gwaji, sai wayata ta yi ƙit, alamar an gama, sannan in hau. Da wannan jira na san sunan yayanta da irin biskit ɗin da take so. Maganar da ke raina ce kaɗai ban faɗa ba, don Goggo ba ta gaggawa, ni ma na biye mata.

Ciwon ajalinta daga teburin maƙwabcina Mai Gilashi ya fito, mutumin da ba ya shan shayi, ba shi kuma da kowa a ƙasa. Shi ya kawo dabarar a daina rushe rumbu: kowane gwaji ya yi ɓarnarsa ba tare da an adana ta a rumbun ba, yana gamawa a janye ta. Kafin in miƙe daga kujera an gama komai. Manaja har tafi ya yi a gaban gawa, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Ta rasu ta bar butar shayi, da kujerar baƙi da ta saba da ni, da ni kaina marayanta.

Za a goge ta gobe da hantsi, bayan mutum biyu sun duba sun amince kamar yadda aka saba. Ba a gayyaci Mai Gilashi ba, sai dai shi zai danna. Na so a yi zaman makoki a ƙasa, amma mai karɓar baƙi ta aiko cewa daga yau wanda ba shi da gwajin jira, ya sauko da magana ko ya turo manyansa. Ina neman mai raka ni.